Jagorar Kallon Tsuntsayen Fadama da Ɗaukar Hotonsu: Daga Haɗejiya zuwa Nguru

Duk shekara idan kaka ta wuce, hunturu ya fara busowa, sai ka ga sababbin fuskoki a bakin fadamun Haɗejiya da Nguru: ɗalibai, ma'aikatan da suka samu hutun ƙarshen mako, da masu hoton biki da sha'awa ta kama su su gwada hannunsu a kan tsuntsu. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai kurakuran da suke yi iri ɗaya ne, kamar sun haɗa baki. Mutum ya iso da hantsi cikin farar shadda, ya sauko daga mota ya buga ƙofa, ya nufi bakin ruwa a tsaye ƙiƙam yana ɗaga kyamara. Kafin ya yi taku ashirin zakaran ƙeƙuwa ya tona masa asiri, kirinjijiya ta tashi garke guda, ya koma gida da hoton wutsiyoyi da hazo. Daga nan sai ya ɗora wa kyamara laifi, ya fara tarin kuɗin wata mai tsada.

Abin da nake so mai koyo ya fara riƙewa shi ne, tsuntsu ke yanke tazarar da za ta kasance tsakaninku. Kai naka shi ne ka san halinsa har ya saki jiki da zamanka. Kuma maganar ta wuce ta hoto. Da yawa daga cikin tsuntsayen da ke fadamun nan lokacin sanyi sun ƙetaro Sahara ne daga Turai da Siberiya, kuma za su sake ƙetare ta idan bazara ta gabato. Kitsen da suke tarawa a nan shi ne guzurinsu na hanya. Duk sanda ka tashe su daga kiwo, ka ci musu wani abu daga guzurin nan.

Kayan da za ka tanada

Madubin hangen nesa. Shi ne kan gaba, har ya fi kyamara muhimmanci. Nemi mai lamba 8x42. Lamba 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke tara haske da sassafe. Kada lambobi irin 20x50 da ake tallatawa a kasuwa su ruɗe ka. Hannun mutum ba ya iya riƙe su ba tare da rawa ba, filin da suke nunawa kuma ƙunci gare shi, kafin ka nemo tsuntsun ya tashi.

Littafin gane tsuntsaye. Wanda aka fi dogara da shi a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Manhajar Merlin ma tana taimakawa, amma ka sauke bayanan yankin tun kana gari, don sabis ba abin dogaro ba ne a cikin fadama.

Ƙaramin littafin rubutu da fensir. Fensir, domin rubutun biro yakan narke idan takarda ta jiƙe.

Kyamara. Idan mai canjin lens ce, kana buƙatar lens na milimita 300 aƙalla, 400 ya fi. Ƙananan kyamarori masu dogon zuƙowa suna yin aiki mai kyau idan akwai haske, kuma sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya ɗora idon kyamarar wayarsa a kan idon madubin hangen nesa. Hoton ba zai shiga mujalla ba, amma ya isa shaida.

Ƙaramin buhu cike da gero ko wake. A kansa ake ɗora lens a tagar mota, a ƙasa, ko a gefen kwalekwale. A ganina, a fadama ya fi sandar nan mai ƙafa uku amfani, don ita takan lume a laka kuma tana tilasta maka tsayuwa.

Tufafi masu launin ƙasa, toka ko kore mai duhu, waɗanda ba sa ƙara idan ka motsa. Haɗa da rigar sanyi, don asubar Janairu a bakin ruwa ba wasa ba ce, da hula, da dogon takalmin roba, da tsohon buhu na shimfiɗa.

Sai ruwan sha mai yawa, ɗan abin taɓawa, batir da memori na ƙari, leda mai kauri ta rufe kaya, da ɗan famfon roba na hure ƙura.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci da wuri

Tsuntsun fadama ruwa yake bi, ruwa kuma da lokacinsa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna cika su malale a Agusta da Satumba, kafin abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi. Daga nan ruwan yakan riƙa janyewa yana barin tafkuna da laka. Baƙin tsuntsaye suna fara isowa wajen Satumba da Oktoba, su juya arewa a Maris da Afrilu. Lokacin da ya fi shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ragu ya tattara su a wurare kaɗan. Mai son shamuwa kuwa sai ya jira damina, don da ruwan farko take zuwa ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, ta yi kudu idan ruwa ya ɗauke.

Wurare uku sun fi suna. Akwai Tafkin Nguru da mashigin Marma, wanda a 2000 ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Akwai Dagona a ƙasar Bade, ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Cadi, da Baturiya a Kirikasamma ta Jihar Jigawa. Su biyun sun shiga jerin a 2008. An rubuta sama da nau'in tsuntsu 350 a wannan yanki.

Amma kada ka kama hanya don kawai wani ya ga tsuntsaye a wuri kaza bara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka ya canza, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai da dama. Tafkin da ya cika bara yana iya zama busasshe bana, ko ka tarar kacala ta shanye shi ba ka ko hango ruwa. Kira wani na wurin ka tambaya: ina ruwa ya tsaya, ina agwagi ke yini?

Kafin doguwar tafiya, ka fara horar da idonka a kusa da gida. Kududdufin bayan gari, Bagauda ko Wasai ga mutumin Kano, Kubanni ga na Zariya, Tafkin Kware ga na Sakkwato, Madarunfa ga na Maraɗi, duk suna da balbela da zalɓe da kazar ruwa. Wanda ya saba da tsuntsayen gida shi ke saurin gane baƙo.

Mataki na 2: Gaida masu wuri

Fadama ba daji ba ce marar mai shi. Gonar shinkafar wani ce, wurin sun wani ne, makiyayar shanun wani ce. Ka fara da bulama ko mai unguwa, da sarkin ruwa idan za ka shiga kwalekwale. Magana kaɗan ta isa: "Ranka ya daɗe, kallon tsuntsaye muka zo, muna neman izini da wanda zai raka mu." A Dagona da sauran wuraren da ke hannun hukuma, ma'aikatan gandun daji za ka fara gani, ka biya abin da doka ta ce.

Dalilin wannan biyu ne. Na farko tsaro: baƙo ɗauke da dogon baƙin ƙarfe a kafaɗa, yana raɓewa cikin ciyawa da asuba, abin zargi ne a wannan zamani, kuma mutane suna da hujjarsu. Ka tambayi halin hanya kafin ka taso, kada ka yi tafiyar dare, kada ka juya kyamara wajen shingen jami'an tsaro, gada ko madatsar ruwa. Jirgi marar matuƙi sai da izinin hukuma, kuma ko da izinin, tashin tsuntsaye yake yi. Mashayar da mata ke wanki ko wanka, ka kauce mata gaba ɗaya.

Na biyu ilimi. Masuncin da ya girma a tafkin ya san bishiyar da kwasakwasa ke kwana, ya san gaɓar da dinya ke sauka da yamma. Ku yi cinikin ladansa tun farko. Sannan ka gaya masa a fili cewa ba ka son a tashi tsuntsu. Idan ba ka faɗa ba, don ya faranta maka rai zai tafa hannu ko ya buga sanda a jikin jirgi, yara kuma su yi jifa, su a ganinsu hoton tashi kake nema.

Mataki na 3: Riga rana zuwa, ka zaɓi gefenka

Ka yi sallar asuba kusa da wurin, ka kasance a zaune kafin gari ya waye sosai. Awa biyu zuwa uku na farko su ne na kiwo, haske kuma yana da laushi. Da hantsi ya ɗaga, zafi kan tashi daga ƙasa da ruwa ya sa iska ta riƙa rawa, duk abin da ke nesa ya fito dishi-dishi komai kyan lens. Bayan la'asar a sake samun wata dama.

Da safe ka zauna a gabashin tafkin, rana a bayanka. Tsuntsu yana tashi yana kuma sauka ne da fuskarsa wajen da iska ke busowa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa. Ke nan wanda ya zauna gabas da safe ya haɗa biyu: haske na kan tsuntsun, tsuntsun kuma yana fuskantarsa. Wanda ya zauna yamma, baƙar inuwa zai ɗauka tana ba shi baya.

Mataki na 4: Kusanta, ko ma dai ka bari a kusance ka

A nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Maharban da suka gabace mu sun daɗe da fahimtar abin: sukan ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya suna sassaƙar ƙasa, domin sun san surar mutum a tsaye ita ce abin da namun daji suka fi tsoro. Mu ba harbi ya kawo mu ba, amma darasin na nan.

Ka rage tsawo. Ka bi gindin bagaruwa ko giyayya, ko gefen ciyawa, kada ka fito a kan tudu inda sama za ta zana surarka. Kada ka miƙe wa tsuntsu kai tsaye. Ka bi a karkace kamar mai wucewa, ka yi 'yan taku ka tsaya. Kada ka zura masa ido, kada ka nuna shi da yatsa. Idan ku da yawa ne ku dunƙule wuri ɗaya, kada ku baje ku yi masa zobe, a kuma sa waya a shiru.

Shi tsuntsu yakan yi gargaɗi kafin ya tashi. Zai daina kiwo, ya miƙe wuya, ya juyo da ido ɗaya wajenka. Agwagi za su fara ninƙaya suna nisanta a hankali. Da ka ga haka, ka ƙame a inda kake, ka sunkuyar da kai. Idan ya koma kiwo, ka samu izinin zama a nan. Idan bai koma ba, ka riga ka wuce iyaka, sai ka ja baya.

Hanyar da ta fi duka ita ce zama. Ka duba inda sawu da kashin tsuntsu suka yi yawa a bakin laka, ka shimfiɗa buhunka a jikin wani kurmi, ka zauna shiru. Cikin rabin awa za ka ga ƙananan masu dogayen ƙafafu sun dawo suna tsinta, wani lokaci har su matso fiye da yadda lens zai iya kamawa. Zana biyu da aka jingina aka huda musu taga suna yin maɓoya mai kyau, musamman idan an kafa su tun jiya. Mota ma maɓoya ce, muddin ka kashe inji ba ka fito ba. Tsuntsun nan mai kamun kifi, fari da baƙi, da ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗa ruwa yana da reshen da yake komawa. Gano reshen, ka saita kyamara a kansa, ka jira.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Na farko sheƙa. Zakaran ƙeƙuwa a fili yake ƙwai, a kan ƙasa tsirara, kuma idan rana ta yi zafi har jiƙa gashin cikinsa yake yi ya zo ya sanyaya ƙwan. Idan ka ga yana kewaya kanka yana ihu, ka tashe shi daga kan ƙwai ne, rana na dukansu, shirwa da hankaka na kallo. Bar wurin nan take. Na biyu, kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. Yakan bar abinci da iyali ya zo faɗa da abokin gaban da babu shi.

Mataki na 5: Gane abin da ke gabanka

Kafin ka ɗaga kyamara, ɗaga madubi. Ka kafa idonka a kan tsuntsun, sannan ka kawo madubin kan idon ba tare da ka kau da kai ba. Wanda ya duba ƙasa ya ɗauko madubi ya ɓatar da shi. Kada ka fara da launi, domin hazo da hasken safiya suna canza shi. Fara da girma: ya kai tattabara, ko kaza, ko ya fi? Sai siffar baki, sai tsawon ƙafa da launinta, sai yadda yake cin abinci. Ka rubuta waɗannan kafin ka buɗe littafi. Wanda ya fara buɗe littafi, abin da ke cikin littafin zai riƙa gani a jikin tsuntsun.

Ɗauki misalin fararen nan da kowa ke kira balbela. Mai bin shanu gajera ce, bakinta rawaya kuma gajere. Akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunta rawaya, tana gudu cikin ruwa marar zurfi tana farautar ƙananan kifi. Akwai babba mai tsayin zalɓe, mai dogon wuya da ke lanƙwashewa. Akwai kuma wani ɗan zalɓe mai launin ƙasa da ba ka ganinsa cikin burugu sai ya tashi, fikafikansa su bayyana farare fat. Idan ka yi sa'a za ka ga baƙin da ke yin lema da fikafikansa a kan ruwa yana kama kifi a inuwar. A sama kuma, dangin zalɓe suna naɗe wuya idan suna tafiya, su shamuwa da jinjimi da gauraka kuwa a miƙe suke barinsa.

Baƙin Turai suna da nasu tarkon. Ƙaramar agwagwar nan da namijinta ke da farin layi a kan ido, ba ya fito da layin sosai sai wajen ƙarshen hunturu. Kafin nan kusan kamarsu ɗaya da macen. Haka mai dogayen ƙafafun nan da ke sauka dubbai a gonakin shinkafa bayan girbi: namiji ya fi mace girma ƙwarai, har mai koyo ya rubuta su a matsayin nau'i biyu.

Kunne ma kayan aiki ne. Kirinjijiya fito uku take yi a jere, kana jinta tun kafin ka gan ta. Idan kuma ba ka gane tsuntsu ba, rubuta "ban gane ba" tare da siffarsa. Wannan ya fi sunan da aka cinka.

Mataki na 6: Saita kyamara

Fitar da ita daga saitin da take yanke komai da kanta. Abin da ke kashe hoton tsuntsu motsi ne, don haka saurin ƙiftawar kyamara shi ne farko. Ga tsuntsun da ke tsaye, kada ka sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa idan a hannu kake riƙe da dogon lens. Mai tafiya yana kiwo, 1/1000. Mai tashi, 1/2000 ko sama. Ƙofar haske ka buɗe ta, f/5.6 ko f/6.3, don bayan tsuntsun ya narke. Idan biyu ne ko uku a jere, ka rufe zuwa f/8. ISO kuwa ka bar shi ya hau yadda ya ga dama. Masu koyo suna tsoron ISO 1600 saboda ɗan yashi-yashin da yake kawowa, alhali ana iya rage yashi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Fokas a kan ido. Zaɓi ɗigo ɗaya ka ɗora shi a idon tsuntsun, in ba haka ba kyamara za ta kama karan kacalar da ke gabansa. Ga mai motsi, sa fokas mai bi, ka ɗauka a jere, gajeru-gajeru.

Farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu yana ruɗar kyamara: takan ƙara haske har gashin ya ƙone ya zama fari fes babu zane. Nemi maɓalli mai alamar +/- ka rage zuwa -1, ka duba, ka gyara. Tsuntsu mai duhu a farin sararin hunturu kuma akasin haka ne, sai ka ƙara zuwa +1 ko fiye. Idan kyamararka na ɗaukar RAW, yi amfani da shi, ya fi karɓar gyara. Filasha a kashe.

Sai tsayi. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana nuna bayan tsuntsu da laka. Sauko daidai idonsa, ko da za ka kwanta rub da ciki a kan buhu, nan da nan za ka ga ruwan bayansa ya yi laushi, shi kuma ya fito da kamanninsa. Ka duba abin da ke bayansa kafin ka danna. Taku ɗaya zuwa hagu kan kawar da leda ko turken kalli daga hoton. Ka bar fili a gaban bakinsa, wajen da yake kallo. Kuma kada ka matsu sai ya cika hoto. Mai dogayen yatsun nan da ke taka ganyen bado, wanda namijinsa ne ke kwanci har ya ɗauki 'ya'yan a ƙarƙashin fikafikai, ya fi kyau idan badon ya fito tare da shi.

Ƙurar hunturu abokiyar gabar kyamara ce. Kada ka canza lens a fili. Idan gilashi ya yi ƙura, ka hure ta da famfo tukuna, don gogewa da gefen riga karce shi take yi.

Mataki na 7: Ruwa da abin da ke cikinsa

A kwalekwale, zauna a ƙasa a tsakiya, kada ka miƙe don tsuntsu ya gifta. Kaya su kasance cikin leda sai lokacin aiki, igiyar kyamara a wuya. Mai tuƙi ya daina tura gora tun daga nesa ya bar jirgin ya sulale da kansa. Ka ƙara saurin ƙiftawa, don jirgi ba ya tsayawa cak. Idan ba ka iya ruwa ba, nemi rigar ceto, kada kunya ta hana ka.

Kada ka shiga ruwan fadama da ƙafa tsirara. Ƙwayar tsargiya daga jikin ƙananan katantanwa take fitowa ta huda fata, kuma ruwa mai kwanciya mai ciyawa shi ne gidanta. Wanda ya ga jini a fitsari bayan irin wannan tafiya ya je asibiti, akwai magani. Kasa da kububuwa suna kwanciya a busasshiyar ciyawa, don haka ka bubbuga wuri da sanda kafin ka shimfiɗa buhu. Idan za ka kwana, gidan sauro dole ne. Mataccen tsuntsu ko marar lafiya kada ka taɓa shi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan tun 2006. Idan ka ga sun mutu da yawa wuri ɗaya, ka sanar da ma'aikatan dabbobi.

Sauran namun wurin ƙa'idarsu ɗaya da ta tsuntsu. Guza kan fito shan hantsi a kan kututture, jan biri kan sauko shan ruwa, dila kan gifta da asuba. Kada ka ba biri abinci, kada ka tsaya tsakanin dabba da ruwan da za ta gudu ciki. Ka tambayi masunta ko akwai kada kafin ka kwanta a gaɓa.

Mataki na 8: Ƙidaya ka rubuta

A kan kowane shafi sa kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da gamawa, da yanayin ruwa da hazo. Rubuta kowane nau'i, har balbela da kurciya, domin tsuntsun da ake rainawa yau shi ake nema gobe. Dattawan fadama suna ba da labarin garken gauraka. Yanzu ganin ɗaya a Nijeriya labari ne, ungulu ma ta bi sahu a garuruwa da yawa. Ba a iya nuna irin wannan raguwa sai da rubutun waɗanda suka ƙidaya lokacin da ake da su.

Babban garke ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma ka ga faɗin da suka ci, ka auna hamsin da shi, sannan ka bi garken kana aunawa hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Yi sau biyu. Ka ɗauki hoton garken ka ƙirga a gida, za ka gane ko idonka ragewa yake yi ko ƙarawa. Yawancin mutane ragewa suke yi. Ka tambayi abokin rakiyarka sunan kowane tsuntsu da Hausa, da Badanci ko Barbarci idan ya sani, ka rubuta a gefe, don littattafan da muke ɗauke da su ba su da waɗannan sunaye.

Idan ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, ɗauki hotonsa yadda launi da lambar za su fito. Masu bincike ne suka sa shi, wataƙila a wata ƙasa mai nisa, kuma suna jiran labarin inda ya sauka.

Mataki na 9: Bayan an dawo gida

Fitar da kaya daga jaka su sha iska, musamman bayan shiga kwalekwale, don danshi na sa lens yin fumfuna. Kwafe hotuna wuri biyu, ka sa wa kowane babban fayil kwanan wata da sunan wuri. Gyaran haske da yanke gefe ba laifi. Ƙara tsuntsun da babu shi, ko kiran na keji na daji, ƙarya ce, kuma tana ɓata bayanan da wasu za su dogara da su.

Idan ka yi gamo da gauraka, ko sheƙar ungulu, ko wani tsuntsu da ake farauta don sayarwa, kada ka bayyana ainihin wurin a Facebook ko WhatsApp. Masu tarko ma suna da waya. Faɗi sunan jiha ka tsaya nan, cikakken bayanin kuma ka miƙa shi ga masu kula da namun daji.

Jerin da ka rubuta kana iya shigar da shi a shafin eBird, ko a shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ke jagoranta tun 2015. Shirin ya raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, ana so mutum ya yi aƙalla awa biyu a cikin gida ɗaya yana rubuta duk abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. A watan Janairu kuma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, fadamun Haɗejiya da Nguru na cikin wuraren da ake ƙirgawa. Mai son shiga ya tuntuɓi gidauniyar kare muhalli ta NCF ko cibiyar ta Jos tun a Disamba, kafin a raba wurare.